“'Yata Ce,” In Ji Dattijo Istifanus

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin tafinta tsakanin caji ofis da kotu da asibiti a nan Ingila, amma akwai wata Litinin ta watan Agusta da har gobe ba ta bar raina ba. Ku da kuka fara aikin nan bana, ku gyara zama. Sunayen duk na sauya su, kun dai san dokar aikinmu, amma abin da ya faru ko gishiri ban ƙara masa ba.

Ƙarfe takwas da rabi na safe kamfanin da ke tura mu aiki ya kira ni. Ana neman mai jin Hausa a wani caji ofis kusa da unguwar Aston a nan Birmingham, za a ɗauki jawabin wani mutum. Na tambayi sunansa, domin ƙa'ida ce, wanda ka sani ba ka yi masa tafinta. Aka ce Istifanus, daga Old Trafford a Manchester. Ban san shi ba. Na kurɓe sauran shayina, na fito Bristol Road nan Selly Oak na hau bas.

Ina shiga na tarar da wata dattijuwa zaune a wurin jira, da ankon biki a jikinta duk ya yamutse, alamar da shi ta kwana. Maza biyu masu kwat sun saka ta a tsakiya. Tana ganin katin da ke wuyana ta miƙe.

“Ke ce tafintar?”

“Ni ce, Mama. Ina kwana?”

“Kai, mun gode wa Allah! Ashe 'yar gida ce. Ni ce Saratu, matar Baba Elder. Daga ina a gida?”

Na ce ta yi haƙuri, aikina bai yarda in tsaya hira da dangin wanda ke tsare ba. Ɗaya daga cikin masu kwat ɗin ya bi ni da murya ƙasa-ƙasa: “Sister, ki dai tuna, naka sai naka.” Na wuce ciki, na shaida wa sajan mai kula da waɗanda ke tsare cewa an tare ni a ƙofa, ga abin da aka ce mini. Ku riƙa yin haka, ko da gaisuwa ce kawai.

'Yar sandar da ke riƙe da binciken ta ba ni labarin a taƙaice. Jiya Lahadi 'yan wani coci sun zo daga Manchester bikin godiya a wani zaure a Aston. Yawancinsu a bas ɗin haya suka zo, shi Dattijo Istifanus ya zo a motarsa. Wajen ƙarfe huɗu na yamma, da sauran rana, ba duhu ba ruwan sama, ya tashi komawa gida. Bai wuce layi uku daga zauren ba ya kwashi ƙarfen da ke gaban wata tashar bas. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Da 'yan sanda suka zo suka ba shi na'urar nan ya hura. Iyakar da doka ta yanka a Ingila talatin da biyar ce a ma'aunin numfashi, shi kuwa ya ninka ta har da ɗoriya. A kujerar baya akwai yarinya 'yar shekara huɗu, Tabita, ba kujerar yara, bel ɗin manya ya ratsa ta wuyanta.

Ga waɗanda ba su saba da caji ofis ba, bari in warware muku. Tuƙi a buge laifi ne mai zaman kansa, mafi sauƙin abin da za a yi maka a ƙwace lasisi shekara guda. In da fasinja a motar, alƙali ya ƙara maka nauyi. In fasinjan yaro ne, to ka ɗebo ruwan dafa kanka. Akwai tsohuwar doka a kan wanda ya bugu alhali yana riƙe da yaron da bai kai shekara bakwai ba. Akwai kuma babbar, ta jefa yaro cikin haɗari kana sane, wadda ke iya kai mutum gidan yari. Kuma doka ba ta tambayar wa ya haifa. Abin da take tambaya shi ne a hannun wa yaron yake a wannan lokacin.

To, a bakin titi Dattijo ya shaida wa 'yan sanda da Turanci, da ƙarfi, cewa 'yarsa ce. Mama Saratu ta iso da gudu daga zauren, ita ma ta ce 'yarsu ce. An ji yarinyar ta kira shi Daddy. Ku da ni mun san a cocinmu duk mai furfura Daddy ne, duk mai babban ɗankwali Mummy ce, amma ɗan sanda Bature ina zai sani? Abin da ya gani shi ne uba a buge, uwa kuma ita ta saka 'yarta a motar. Doka ta ba su ikon riƙe yaro har kwana uku in sun ga gidansu ba amintacce ba ne, saboda haka aka kira social worker ta council, wato ma'aikaciyar ƙaramar hukuma mai kula da walwalar yara, aka kai Tabita gidan wasu masu riƙon yara, ta kwana a can. Da safe kuma abin ya fara girma. An nemi sunan yarinyar da sunan mahaifin da aka ba su, ba a same ta a rajistar likitan unguwa ba, ba a same ta a ko'ina ba. An fara tunanin ko shigo da ita aka yi daga Najeriya ta bayan fage, ana shirin zuwa kotu a nemi izinin ci gaba da riƙe ta. Tun da aka ɗauke ta kuwa ba ta ce uffan ba.

Ba a ɗaukar jawabin mutum sai giya ta sake shi, shi ya sa aka jira safiya. Kuma ikon Allah, giyar na sakinsa Turanci ma ya sake shi. Mutumin da ya shekara ashirin a Manchester, wanda jiya ya yi wa 'yan sanda lacca a bakin titi, yau ya tashi ba ya jin ko “zo”. Lissafinsa shi ne in aka kawo mai jin Hausa, an kawo nasa.

Aka shigo da shi. Dogo ne, mai ƙiba, da farin gashi gwanin kyau, irin wanda in ya tsaya gaban ikkilisiya kowa ke nutsuwa. An cire masa bel da igiyar takalmi, yana riƙe da wando da hannu ɗaya, amma bai fasa taƙama ba. Lauyan da gwamnati ke bayarwa kyauta na gefensa.

“A'a, 'yata, sannu da zuwa,” in ji shi. “Allah ne ya kawo ki.”

Na gaishe shi yadda ya kamata a gai da babba. Sannan na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa kafin a kunna rikoda, da Hausa da Turanci: duk abin da ya fito daga bakin wani a ɗakin nan zan juya shi, ba ragi ba ƙari. Ya ce, “Ai na gane, 'yata, na gane,” har da kashe mini ido. Na ce a raina, Baba, ba ka gane ba, amma za ka gane.

Aka fara. 'Yar sandar ta tambaye shi ko ya sha wani abu jiya.

“Na ɗan jiƙa maƙoshi ne kawai.”

Na juya shi yadda ya zo. Ta ce da me?

“Ɗan abin da ake ba manya a wurin biki.”

Ta ce kofi nawa?

“Haba! A wurinmu ba a ƙirga wa dattijo kofi.”

Shi ma na juya. Na ga lauyan ya rufe ido na ɗan lokaci. Sai aka zo kan yarinyar. Ranar haihuwarta? Ya ce mata ne ke riƙe irin waɗannan. Wace makarantar reno take zuwa? Ya ce wata ce can kusa da gida. Sai ta ce, don rikoda ta ji, mece ce alaƙarsa da yarinyar?

“'Yata ce mana,” in ji shi.

A nan aikinmu yake, ku saurara. Na juya kalmar daidai, na ce ya ce 'yarsa ce. Amma Turanci ya ƙuntata abin da Hausa ta buɗe. In na tsaya a nan ban yi ƙarya ba, sai dai na bar 'yar sandar ta fahimci abin da ba lalle shi aka faɗa ba. Ƙa'ida ta yarda tafinta ya tsayar da magana in kalma na da fuska biyu. Na ɗaga hannu na ce tafinta na neman izinin yin bayani. Na ce a Hausa wannan kalma tana ɗaukar 'yar cikinka, tana ɗaukar 'yar ɗan'uwanka, tana ɗaukar 'yar maƙwabci, ni kaina ya kira ni da ita sau biyu tun da aka shigo da shi, kuma yau na fara ganinsa. Na maimaita masa bayanin da Hausa, don kada ya ce an yi gulmarsa.

'Yar sandar ta ajiye biro. Ta ce in tambaye shi, shi ya haife ta?

Bai kalle ta ba. Ni ya juyo ya kalla, ya sauke murya, yana murmushi kamar mai tambayar lafiyar gida.

“Ke wace irin yarinya ce? Wa ya aike ki? Ki ce musu tawa ce a wuce wurin, ba mai shiga tsakanin uba da 'yarsa. In suka ji ta Hannatu ce za su kira ta, kafin la'asar duk Manchester ta ji an kama ni da kwalba. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki.”

Gaskiya gabana ya faɗi. Ba don shi ba, a'a. Sai yanzu na gane akwai wata uwa a can da ba ta san inda 'yarta ta kwana ba, kuma mutumin nan mai farin gashi ya gwammace yarinyar ta ci gaba da zama a hannun baƙi da a ji ya sha giya. Na juya wurin 'yar sandar na zuba mata shi tas da Turanci, da bakinsa, kamar yadda muke yi: “Ki ce musu tawa ce.” Ban bar komai ba, har addu'ar rufin asirin na juya.

Tafɗi! Turancin da ya ɓace tun asuba sai ga shi ya dawo a guje, har da na sayarwa. Ya buga tebur, ya ce ƙarya nake, ba haka ya ce ba, ya gyara mini jimla ɗaya da ya ce na fassara ba daidai ba. Wato ya shaida wa rikoda da bakinsa cewa yana jin duk abin da ake faɗa. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Lauyan ya nemi a dakata ya gana da shi. Kafin 'yar sandar ta kashe rikoda ta yi tambaya ɗaya: “Wace ce Hannatu?”

Hannatu 'yar cocinsu ce, mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, tana aikin kula da tsofaffi, shift na awa goma sha biyu. Lahadi tana aiki, shi ya sa ta damƙa Tabita a hannun Mama Saratu don yarinyar ta je biki da sauran yara. Da yamma Mama Saratu ta kira ta ta ce mota ce ta ɗan samu matsala, za su kwana a Birmingham wurin wata 'yar'uwa, Tabita ta ci ta ƙoshi har ta yi barci. Hannatu har godiya ta yi musu. Tana tsakiyar yi wa wata tsohuwa wanka ranar Litinin aka kira ta daga caji ofis.

Social worker ɗin ta roƙi in tsaya, aka sanar da kamfaninmu, na tsaya. Ƙarfe biyu Hannatu ta iso daga tashar jirgi, da rigar aiki a jikinta, rungume da leda. A ciki akwai takardar haihuwa, da fasfo, da jan littafin nan na awo da riga-kafi da ake ba kowace mai jego. Siririya ce, ba za ta wuce talatin ba. Kada ku zaci an ce mata sannu an miƙo mata 'yarta. Sai da ta sha tambayoyi awa guda cur. Me ya sa ta ba da 'yarta? Ta san mutumin na sha? Wa ke riƙe yarinyar in tana aiki? Turancinta ras yake, amma in kuka ya zo mata sai ta koma Hausa, ni kuma in ɗauka. Abin da ya cece ta saƙon waya ne da ta tura wa Mama Saratu ranar Asabar, inda ta ce don Allah a bas Tabita za ta je, a bas za ta dawo, kusa da ke. Mama ta amsa da alamar hannun addu'a guda uku.

Muna fitowa ta wurin jira Mama Saratu ta taso da hannu a buɗe. Social worker ɗin ta ce mini in riƙa gaya mata abin da suke faɗa. Na sanar da su da Hausa cewa zan juya, Mama ko kallona ba ta yi ba.

“Hannatu, 'yata, ki yi haƙuri. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun ɓoye miki ne don kada hankalinki ya tashi a wurin aiki. Ai ɗa na kowa ne, Tabita tamu ce mu duka.”

Hannatu ta ɗan rusuna. Tarbiyya ba ta barin mutum ko a irin wannan rana.

“Na ji, Mama. Abu ɗaya zan tambaya. A cikin jirgi na duba hotunan da aka saka a waya, na bas ɗin dawowa. Na ga jikokinki, Joel da Naomi. Na ga kuloli uku a kan kujera. Me ya sa aka sauke Tabita?”

“Wuri ne ya yi kaɗan, ga abincin da ya rage, ba a bar shi ya lalace ba.”

“To, me ya hana a saka su Joel a motar kakansu?”

“Ai uwarsu ba ta yarda su shiga motarsa in ya…”

Ta kama bakinta da hannu. Ni kuwa na juya jimlar har daidai inda ta tsinke, na tsaya a nan ni ma. Social worker ɗin ba ta bukaci ƙarashen ba, ta buɗe littafinta ta rubuta. Mama ta zuba mini ido.

“Wannan ma sai da kika faɗa?”

Na ce, “Mama, ke kika faɗa. Ni maimaitawa na yi.”

Kun gani ko? Gidan sun san halinsa sarai. Wanzami ba ya son jarfa. Nasu jikokin suna bas, jollof na bas a kan kujera, 'yar marainiya ce aka ga ta dace da motar mai jiƙa maƙoshi.

Ƙarfe huɗu aka kawo Tabita ofishin council. Matar da ta riƙe ta ta ce tun jiya biskit ɗaya ta ci, kuma ko sunanta aka tambaya sai ta sunkuyar da kai. Tana ganin uwarta ba ta yi gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta tako a hankali, ta kama rigar aikin, ta ɗaga kai ta yi raɗa da Turancinta na 'yan Manchester. Wannan ba a bukaci tafinta ba, kowa a ɗakin ya ji.

“Mummy, ban yi magana ba. Ba za su kama ki ba ko?”

Ashe a bakin titi, a gaban 'yan sanda, Mama Saratu ta durƙusa ta shafa kan yarinyar tana murmushi, ta ce mata da Hausa in ta buɗe baki za a kama Mummy ɗinta. Ɗan sandan da ke wurin ya rubuta a rahotonsa cewa uwar ta rarrashi 'yarta. Ba tafinta a bakin titi. Ni da ba na kuka a wurin aiki, ranar sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. A daren Tabita ta kwana a Old Trafford, a gadon uwarta.

Ban yi tafinta a kotu ba, domin wanda ya yi a caji ofis ba a so ya sake yi a gaban alƙali, yana iya zama shaida. Haka kuwa aka yi, an nemi in rubuta shaida a kan fassarata, ta nan na ji ƙarshen zancen. Dattijo ya amsa laifinsa, da Turanci mai kyau. An ƙwace lasisinsa, an yanke masa ɗauri aka jingine shi bisa sharaɗi, sunansa ya shiga inda ba za a sake ba shi amanar yara ba. Mama ta sha gargaɗin 'yan sanda a rubuce. Masu kwat ɗin nan kuwa sun kai wa kotu wasiƙa, wai a sassauta masa domin shi uba ne ga duk yaran ikkilisiya. Kai jama'a! Ai shi ne abin da ake tsoro.

Kuma kun san wa aka juya wa baya? Hannatu, wai ta bari an tozarta dattijo. Ta sauya coci. Ni ma saƙo ya zagayo ya same ni, wai akwai wata tafinta a Birmingham da ba ta san mutunci ba. Oho dai. In mutunci shi ne a bar 'yar shekara huɗu a gidan baƙi don a rufa wa ƙato asiri, su riƙe abinsu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutanenmu ba fassara suke nema a wurinmu ba, rufin asiri suke nema, kuma da kalmomi masu daɗi za su nema. Za a ce maka ɗana, a ce miki 'yata, a ce naka sai naka. Ka gaishe su da ladabi, ka juya duk abin da aka faɗa, har rabin jimla. In kalma ta fi Turanci faɗi, ka ɗaga hannu ka faɗa, kada ka ji nauyin furfura, domin akwai wanda ba ya cikin ɗakin da maganar ta shafa. Al'adarmu ta ɗa na kowa ne ba ta da laifi, ni ma a hannun maƙwabta na girma. Amma tun daga ranar, duk wanda ya ce mini “'yata ce”, sai in ji ina so in tambaye shi a wace mota ya saka nasa.